Fankar kicin ta hana mu barci, hayaƙin kuma yana nan

Baban Ummi, Gyallesu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini da wuta. Wata huɗu ke nan da muka tare a sabon gida. Lokacin da ake aikin silin na sa aka haɗa mini fankar zuƙe hayaƙi guda biyu, ɗaya a kicin saman gas, ɗaya a banɗakin ɗakinmu. Ta kicin in aka kunna ta, wallahi kamar an ajiye injin markaɗe a saman gadona. Abin mamaki, ƙarar ta fi yawa a uwar ɗaki a kan kicin ɗin kansa. Duk da wannan ruri, in uwargida ta ɗora manja ta zuba attaruhu, har falo sai mun yi tari. Ta banɗaki kuma salonta daban. Da ka rufe ƙofa sai a fara jin fito, fiiii, har Ummi ta ce aljani ne ta daina shiga da dare. Sannan wani wari ya taso kamar na sokawe, wanda babu shi in fankar tana kashe. Yanzu dai duka biyun an daina kunna su. Fankokin ne jabu, ko aikin ne ba a yi daidai ba?

Mai Wayarin, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Boris ne ya tafi, ko kafasta. Kayan yanzu ba su da ƙwari, araha ba ta ado. Ka cire su ka kawo shago a duba, ko ka sayi masu ƙarfi.

Bakano a Zariya:
Zage-zagi an ga gidan Turawa a Facebook an kwaikwayo. Alhaji ka mayar da murhu tsakar gida ka huta.

Injiniya, Samaru:
Baban Ummi kada ka sayi komai tukuna. Boris ɗin wata huɗu, kuma fanka biyu a lokaci ɗaya, da wuya. Amsa mini waɗannan: ta kicin ina take kai hayaƙin, kai tsaye ta bango ko ta bututu? In bututu ne, inci nawa ne, wane iri, tsawonsa nawa, lanƙwasa nawa ya yi? A jikin me aka ɗaure fankar? Sannan ka je banɗakin ka kunna, ka rufe ƙofa, in fiton ya fara ka buɗe ƙofar kamar faɗin yatsa biyu ka faɗa mini abin da ka ji.

Baban Ummi, Gyallesu:
Injiniya na gwada yanzu. Ina buɗe ƙofar fiton ya ɗauke ɗif, kuma muryar fankar ma ta sauka. Ƙofar almoniyam ce, ta zauna daram a kan tayil, ko takarda ba ta shiga ƙasanta. Tagar banɗakin ƙarama ce, kullum a rufe saboda sauro. Ta kicin kuwa na sa yaro ya leƙa cikin silin da tocila. Bututu ne mai zobe-zobe irin mai miƙewa ɗin nan, inci 4, ya bi ta saman ɗakinmu ya fita ta bangon baya. Zai kai mita 6, ya lanƙwasa sau uku, kuma ya ce akwai saura da aka naɗe aka ajiye a kan fi'ofin silin. Fankar a jikin katakon silin aka ɗaure ta da sukuru.

Injiniya, Samaru:
To ai ka ba da amsar da kanka. Fankokinka lafiyarsu lau, shaƙe su aka yi.

Fanka ba ta ƙirƙirar iska. Duk litar da ta fitar daga ɗaki, dole wata lita ta shigo ta maye gurbinta. Ka sa robar shan lemo a baki ka toshe ƙasanta da yatsa ka zuƙa, me za ka samu ban da ciwon kumatu? Haka ka yi wa ta banɗaki. Ƙofa a manne, taga a rufe, sai ta dinga jan iska ta 'yar tsagar da ta samu. Iska mai yawa ta ƙaramar kafa, shi ne fito, kamar yadda kake tsuke baki in za ka yi shi. A ƙa'idar gini ta Ingila, banɗakin wanka ana so a fitar da lita 15 a kowane sakan, kuma ana barin tazarar santimita 1 a ƙasan ƙofa mai faɗin santimita 76, don iskar ta samu hanya. Mu nan birkila da mai ƙofa gasa suke yi wajen ganin ba a bar ko kafar allura ba.

Ta kicin matsalarta ta fi yawa. Waccan ƙa'idar ta ce lita 30 a sakan in murfin zuƙar yana daidai saman murhu, lita 60 in fankar tana wani gefen kicin. Mu da muke suya da manja, mu ɗauki 60 ɗin. Bakin bututu mai inci 4 bai wuce murabba'in santimita 79 ba. In ka tura lita 60 ta cikinsa, iskar za ta yi gudun mita 7 da rabi a sakan. Mai inci 6 bakinsa murabba'in santimita 177 ne, ya ninka wancan sau biyu da kwata, gudun sai ya sauko ƙasa da mita 3 da rabi. Ido yana ganin bambancin inci biyu ne kawai, kunne kuwa ya san ba haka ba ne. Ga zobe-zoben nan, kowanne yana karya iskar. Ga gwiwa uku. Kuma na tabbata fankar taka irin mai fiffike kamar farfela ce, wadda aka yi ta don ta huda bango ta fitar nan take, ba ta da ƙarfin tura iska mita 6. Tana ta juyi tana dukan iskar da ta ƙi tafiya, abin da kake ji ke nan. Sai aka zo aka ɗaure ta a katakon silin. Fi'ofi faffaɗan abu ne marar nauyi, fatar ganga ce. Motar tana karkarwa, katako yana kai karkarwar har saman gadonka, silin yana kaɗa maka.

Filamba, Tudun Jukun:
Maganar warin nan tawa ce. Alhaji duba magudanar ƙasa ta banɗakin. Akwai ɗan lanƙwasa ko kofi a cikinta da ruwa ke kwanciya, shi ne ke tare warin sokawe. Wasu masu aikin ba sa sa shi sam, bututu ne zar har rami. Wani kuma akwai shi amma ya bushe, musamman da hunturu. Fanka ta nemi iska ta ƙofa ta rasa, sai ta jawo ta sokawe. Zuba ruwa kofi biyu ka gani. In warin bai tafi ba, babu tarkon ke nan, sai an fasa tayil ɗaya.

Mai Wayarin, Sabon Gari:
Injiniya na yarda da lissafinka, amma a daina ɗora mana laifi kullum. Sau nawa nake cewa mai gida a huda bangon da ke kusa, ya ce a'a zai ɓata masa fenti, ko kada baƙi su ga bututu a gaban gida? Shi zai ce a zagaya da shi baya. In ka ce a sayi inci 6 ya ce ya yi tsada. Alhaji tsakaninka da Allah, wa ya ce a bi ta saman ɗaki?

Baban Ummi, Gyallesu:
Hhhh. Mai Wayarin ka kama ni. Ni ne. Bangon kicin ɗin yana kallon lungu, kuma tagar maƙwabcina tana daidai wurin, taku uku tsakani. Na ga bai dace in dinga hura masa hayaƙin daddawa a ɗaki ba. Amma inci 4 ɗin ba ni na zaɓa ba, ban ma san akwai wani ba.

Hajiya, Tudun Wada:
Allah ya yi maka albarka ƙanena, haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne. Amma ku maza kuna ta lissafin inci, ba wanda ya tambayi mai tsayuwa a kicin ɗin. Ni tawa fankar shekara uku tana aiki, sai ta fara gurnani tana jijjiga. Da aka sauko da ita, maiƙo da ƙura sun yi mata kauri a fuka-fukai kamar an shafa ƙuli-ƙuli, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ruwan zafi da omo kawai, ta dawo sabuwa. Ragar bakinta ma haka, ta toshe ruf. Yanzu duk wata nake sa a wanke, da hunturu sau biyu. Sannan abin da na lura da shi da kaina: in na buɗe tagar da ke kusa da fankar, hayaƙin ba ya tafiya. In na rufe ta na buɗe ƙofar da ke bayana, sai in ga tururin tukunya ya karkata ya nufi fankar.

Injiniya, Samaru:
Hajiya kin faɗi abin da muke shafe sati muna koya wa ɗalibai. Iska malalaciya ce, hanya mafi kusa take bi. Taga kusa da fanka, iskar waje ta shigo ta juya ta fita, tukunya tana can ba wanda ya kula ta. Mashiga tana bayan mai girki, mafita tana bayan tukunya, murhu a tsakiya. Wanda yake so ya gani da idonsa ya kunna turaren tsinke ya zagaya da shi cikin kicin, hayaƙin zai nuna masa inda iskar take bi da inda ta kwanta.

Baba Magini, Kwarbai:
Ɗana ne yake rubuta mini. Na ji ana karanta maganarku ina dariya. Mu da muka tashi muna ɗora tubali, ba mu san fanka ba, kuma ba mu kwana cikin hayaƙi ba. Soro ake yi mai tsayi, bango mai kauri, a bar 'yar taga can sama kusa da azara. Iskar da ta yi zafi sama take hawa, ta samu kafa ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙofa ta bayan asabari. Ba ƙara, ba kuɗin wuta. Ku je ku dubi aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na cikin birni, tun zamanin Sarki Abdulkarimu, ku ga tsayin ɗaurin gugan nan. Yanzu kun sauko da silin har mutum yana taɓawa da hannu, kun rufe ko'ina da gilashi, sannan kun sayo inji ya yi muku numfashi.

Kai mai gida, abu ɗaya zan faɗa maka. Kada ka fitar da bakin bututun nan gabas. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas muke fi ba shi makuba. Iskar hunturu ma ta wajen arewa maso gabas take zuwa. In ka juya shi can, damina ta zuba maka ruwa, hunturu ya ɗura maka ƙura.

Injiniya, Samaru:
Allah ya ja da ran Baba. Maganar gabas gaskiya ce, kuma akwai ƙari: murfin bakin bututun nan mai faifai da ke buɗewa in fanka ta hura, in yana fuskantar iska zai kwana yana taf-taf-taf ko fankar tana kashe. Amma Baba a yi mana adalci. A gidan da kuka gina, madafi yana tsakar gida, bayi yana can ƙarshen gida, sama a buɗe. Mu yanzu fili ƙafa 50 ne, kicin da banɗaki duk suna cikin ɗaki ɗaya da gado. Tururin wanka da hayaƙin gas ba su da inda za su. Tagar sama tana taimakawa ƙwarai, ni ma ina sa ta a zane, sai dai ranar da iska ta tsaya cak a watan Afrilu, ba za ta kwashe hayaƙin suya da saurin da ake so ba.

Baba Magini, Kwarbai:
To wa ya aike ku ku kai bayi ɗaki?

Bakano a Zariya:
Baba ya gama magana, a tashi taro.

Malam, Kongo:
Ni dai tagar silaidin nake zargi. Gidan da na taso a ciki luba ce, in ka buɗe kusan duk faɗin tagar iska ce. Silaidin kuwa komai girmanta rabi kawai take buɗewa, ɗaya gilashin yana bayan ɗaya. Ka ɗora ragar sauro, ƙura ta cike ta, me ya rage? An ce luba ta tsufa, ta zama ta gidan haya. Ga shi nan muna biyan kuɗin gayu.

Hajiya, Tudun Wada:
Malam luba kuma da hunturu fa? Ka share ɗaki da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kan tebur. Ga ƙarar babura da masu Keke duk tana shigowa. Ni na cire tawa ban yi nadama ba.

Malam, Kongo:
Hajiya ai shi ke nan, kin toshe ƙura kin toshe iska tare. Ba a raba su.

Injiniya, Samaru:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma a nan gizo yake saƙar. Duk kafar da iska za ta bi, ƙara ma za ta bi. Dabarar ita ce a zaɓi inda za a buɗe: ɓangaren tsakar gida maimakon ɓangaren titi, kuma kafa mai faɗi wadda iska za ta shiga a hankali.

Bari in koma kan Baban Ummi, don Mai Wayarin ya ce a sayi mai ƙarfi, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Ƙaramar fanka mai gudu da babbar fanka mai tafiya a hankali za su iya kwashe iska daidai wa daida, amma ƙararsu ba ɗaya ba. A lissafin fanka, in ka rage gudunta da rabi, iskar da take turawa ta ragu da rabi, ƙararta kuma ta sauka da kusan desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙara). Kunnen mutum yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Ka ga ribar tana wajen babba mai tafiyar sarauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare, wato kamar raɗa. Injin markaɗenka ya yi nisa da nan.

Abin da zan yi in gidana ne: a cire mai zobe-zoben nan gaba ɗaya. A huda bangon lungun, tunda shi ne kusa, a sa bututun ƙarfe mai santsi inci 6, gwiwa ɗaya, a hau da shi jikin bango ta waje har ya wuce bakin kwano, a sa masa hula. Hayaƙi ya tashi sama, tagar maƙwabci ta tsira. Ƙarfe na ce ba roba ba, saboda maiƙo yana taruwa a ciki kuma yana kama wuta. Fankar a samo irin mai ganga a ciki wadda aka yi don bututu, mai giya, wato matakin gudu, biyu ko uku. A ɗaure ta a bulo, kada ta taɓa katakon silin, a yanko tiyub ɗin mota a sa tsakaninta da bango, har wajen sukurun.

Mai Wayarin, Sabon Gari:
A nan kam mun haɗu. Kuma don Allah kada a rage mata gudu da abin rage hasken ƙwai. Shi yana yanka wutar ne gutsi-gutsi, motar ta dinga kukan zuma. Regileta ta fanka mai taki-taki za a sa, ko a yi amfani da giyar da ta zo da ita. Masu sola ma su lura, akwai ƙananan inbata masu araha da wutarsu ba ta fita sumul, duk fankar da ka ɗora musu sai ta yi wannan gurnanin, har ta sama. Mutum ya yi ta canja kafasta a banza.

Anti Nas, Wusasa:
Ku yi haƙuri in sako wata magana, don ta fi ƙara muhimmanci. An ce fanka tana jawo iska daga duk inda ta samu. To a duba inda janareta yake. In yana lungu ko baranda kusa da tagar da za a buɗe, hayaƙinsa za a jawo cikin gida. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci kawai take sawa, mutum ya kwanta bai tashi ba. Haka gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Mashigar iska ta yi nesa da janareta, ko da kuwa ta fi kusa da titi.

Baban Ummi, Gyallesu:
Anti kin taɓa inda yake mini ƙaiƙayi, nawa a lungun nan yake, ƙarƙashin tagar kicin. Gobe zai koma bakin get. Na gode ƙwarai jama'a, zan dawo da labari in sha Allah.

Baban Ummi, Gyallesu:
Salam. Bayan sati biyu ga ni. Banɗaki: mai almoniyam ya yanke ƙasan ƙofar ya sa 'yar luba mai faɗin tafin hannu biyu. Fito ya tafi. Filamba gaskiyarka, babu tarko sam, an fasa tayil an sa, wari ya ɗauke. Fankar da na kusa jefarwa ita ce dai take aiki, na manna mata takardar tishu ta riƙe ta gam.

Kicin ya ci kuɗi fiye da yadda na so, mai walda ya naɗa bututun, an hau da shi sama. Da aka sauko da tsohon, mun tarar da wajen da ya lotsa a tsakiya ya tara baƙin mai kusan rabin kofi, har ya fara yi wa fi'ofi tabo ta sama. A giya ta ɗaya muna hira a kicin ba a ɗaga murya, a uwar ɗaki kuwa sai ka kasa kunne. In za a soya attaruhu a kai ta uku na minti goma, nan kam tana da murya, amma uwargida ta ce ta yafe. Saura abu ɗaya: in an kunna ta uku ƙofar falo a rufe, labulen kicin yana mannewa a ƙofa kuma ƙofar tana yin nauyi wajen buɗewa.

Injiniya, Samaru:
Har yanzu mashigar ta yi mata kaɗan a giya ta uku. Tsagar ƙasan ƙofa ta ishi banɗaki, ba ta ishi kicin ba. Ka sa irin lubar nan a ƙofar kicin ɗin ma, amma ta ninka ta banɗakin, kuma a bar tagar falo ta ɓangaren tsakar gida a ɗan buɗe lokacin girki.

Hajiya, Tudun Wada:
Kuma a wanke ragar. Ka sa a waya ta dinga tuna maka, don na san ku.

Malam, Kongo:
An dai dawo kan luba.

Baba Magini, Kwarbai:
Hular bututun ina ta kalla?

Baban Ummi, Gyallesu:
Sama take kallo Baba, mai zagaye ce kamar malafa. Janareta kuma yana bakin get, yanzu mai shagon da ke gabanmu ne yake ƙorafi.